Katakon Keken Matar Kanya

Ubana soja ne, yayyena biyu ma sojoji. Ni sau uku ina zuwa ɗaukar kurata, sau uku ana koro ni, saboda ƙafata ta hagu ta ɗan gaza 'yar'uwarta. Da na gaji sai na shiga garejin wani mai fentin mota a nan Zuru, na shekara shida ina shaƙar fenti ina shan zagi. Can na kwaso halin da ya zame mini sana'a, ya kuma zame mini ciwo: ba na iya ganin tsatsa in ɗauke kai.

Da na buɗe rumfata ban koma kan mota ba. Tsofaffin kaya na kama, irin waɗanda masu su suka fid da rai: injin niƙa, sikeli, keken hawa, keken ɗinki. In wargaza, in jiƙa a kananzir, in kankare, in fesa fenti. Na fi son mai kaya ya zo ya wuce abinsa bai gane shi ba, har sai na ce, "Ga shi nan a gabanka." Kaina yana kumbura a wannan lokacin, ba zan ɓoye ba.

Da 'yan bindiga suka fara tayar da ƙauyukan Danko da Wasagu, aiki ya yi mini yawa, irin yawan da ba a murna da shi. Mai gudu ba ya zaɓen kaya, abin da yake ci da shi yake ɗauka. A cikinsu wata dattijuwa daga wajen Kanya ta zo da kan keken ɗinki da katakonsa, ɗaure a bayan babur. An kashe mijinta a gona. Keken nan kaɗai ta fito da shi, da shi kuma take so ta ciyar da kanta.

"Ɗana, zare ɗai shika tsallakewa," ta ce. "Shi za ka gyara min."

Ƙoshiyar da ke kamo zaren ƙasa ce ta cinye, aikin rabin yini. Amma da na dubi keken sai tausayi ya kama ni, tare da wannan ciwon nawa. Baƙin fentinsa ya koɗe, bakin katakon kuwa duk tsaga ce ta wuƙa, gajeru da dogaye, sun fi talatin. Na ce a raina jikoki ne suka yi ɓarna. Na ƙudura zan yi wa baiwar Allah abin da za ta yi dariya, ko sau ɗaya. Kwana uku na yi a kansa ban tambayi kowa ba. Na gyara ƙoshiyar, na fesa wa kan keken sabon fenti, na fere bakin katakon, na bi shi da samfefa har ya yi santsi, na shafa masa mai. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba.

Da ta dawo ba ta ko kalli fentin ba. Hannu ta kai bakin katakon, ta shafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta sake dawowa.

"Ina awona?"

"Wane awo, Mama?"

"Ni ban iya karatun tef ba. Maigidana shi ka yanka min. Wagga ta hannun riga, wagga ta ƙugu, wagga ta rigar mawaƙan coci. Idona ya tafi, da yatsa nika ji." Ta tsayar da babban yatsanta can kusa da ƙarshe. "Ta nan doguwa ce. Tsawon wandonshi."

Na sunkuya na dubi bakin katakon, ko tsaga ɗaya ban bari ba. Kunya ta rufe ni, sai kuma haushi, na rasa wanda zan ji haushinsa in ba ni ba. Na ce zan auno mata komai da tef in sake yankawa. Ta ce na riga da na ƙugu za a samu, tun da masu su suna da rai.

"Wandon fa, Mama? Babu ko ɗaya da kika fito da shi?"

Ta girgiza kai. Gidan ma an ƙone shi.

Ta miƙo hannu, na gane wuƙa take so, na ba ta. Ta ɗora bakin wuƙar a kan katakon nan mai sheƙi, ta matsa da ita gaba kaɗan, ta dawo baya, ta sake matsawa. Na daɗe ina kallon hannun yana neman wurin.

Can ta ajiye wuƙar a kan teburina, ba ta yanka ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Ɗaura min shi ga babur."