Zanen Ƙwaryar Kaka Tabawa

Ina cikin takaba nake faɗar wannan ana rubuta mini, don ni ban san baƙi ba. Mijina Malam ya rasu, ya bar mini ɗaki fayau, ya kuma bar mini wata magana da shi kaɗai ke iya tsayawa a kanta.

Maganar jikana Sani ce. Tun yana ƙarami hannunsa ya fi zuwa ga muciya, tafiyarsa da maganarsa irin tamu ce mata. Yanzu yana sayar da tuwo a Ƙanƙara, ana ce masa ɗan daudu. Ubansa Lawal, ɗana na fari, ya hana shi taka gidan nan. Malam ne ke cewa, "Gidana ne, shi zo." Ranar jana'iza a bakin titi yaron ya tsaya yana kuka, ba wanda ya ce masa shigo.

Tun ranar Kaka Tabawa ke faɗo mini a rai.

A wani ƙauye na tashi kusa da Sabuwa, lokacin rabin danginmu na salla, rabi na kan al'adar kakanni. Kaka Tabawa ciki ɗaya suke da kakata, sana'arta zanen ƙwarya. Da an ci tuwo sai ta hura wuta, ta cusa ƙarfe ya yi ja, mu yara mu kewaye ta. Har yau ina jin ƙaurin duman nan.

"Ga ta nan ta taho da ƙafarta," in ji ta.

Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma!"

Takan raba bayan ƙwarya ɗaki-ɗaki, tana ba da labari tana ƙona hotonsa. Akwai wanda muka fi so. Wani yaro ne ubansa ya ba shi fartanya, ya ajiye ya ɗauki taɓarya. Aka doke shi, aka sake dukansa, har ya bar gida. A ɗaki na gaba sai ga mace da zane da ɗankwali, tana suyar waina a kasuwar Mairuwa. Wani mai jaki ya riƙa zuwa duk ranar kasuwa, har ya ce yana son ta. Ta ce masa, "Kafin ka kai goro ko'ina, ka sani sunan maza aka raɗa mini, kuma ba zan haifa maka ɗa ba." Mutumin ya tashi ya tafi, ko wainarsa bai gama ci ba.

Nan Kaka za ta tsaya tana juya ƙarfe a wuta.

"Kaka, ya dawo?"

"Ku bari ƙarfe shi yi zafi, marasa haƙuri."

Sai mijinta Baba Nomau, da ke gefe yana tufkar igiya, ya ce, "Ke Tabawa, kina ɓata mutumin nan. Tunani ya tafi yi."

"Tunani tun shuka har girbi?"

"Jakinsa ne ba lafiya."

"Jakin dai!"

Mu yi ta dariya, ba mu san abin da ya dami Baba da mutumin tatsuniya ba. Ƙarshenta mai jaki ya dawo, ya zauna ya ce, "Ina sauran wainata?" Ba kiɗa, ba buɗa, dangi duk suka juya baya. 'Yar'uwar mai waina ce kaɗai ta ɗora kayan ɗakinta a ka, ta ratsa tsakiyar gari da rana tsaka, ta kai ta gidan mai jaki.

Sai da na yi wayo na gane tarihinta take zana mana, kuma mai ɗaukar kayan kakata ce. Shekaru da yawa ina ganin daɗin labarin duk a dawowar mai jaki yake. Yanzu da tsufa ya zo, ƙaramar matar nan mai kaya a ka nake gani. Mai jaki so ne ya dawo da shi. Ita kuwa surutun gari kawai ta samu, kuma ta san haka kafin ta ɗauka. A gidan nan Malam ne ya ɗauke mini wannan kaya, ni ina bayan labule ina jin daɗi.

Shekaranjiya na kira Lawal. Na ce tuwon sadakar arba'in ɗin Malam, Sani ne zai tuƙa.

"Inna, mi mutane za su ce?"

"Su ce tuwon ya yi daɗi. Ni na haife ka, kai ka haife shi. In korar ce, ka haɗa da ni, amma ka jira in fita takaba."

Ya tashi ya fita. Na kifa kai a kan buzun Malam na yi kuka mai isata.

Yau da safe na ji ana sauke itace a tsakar gida. Lawal ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai shigo ba. Ya miƙo mini wayarsa ta gefen labule.

"Inna, ki tambaye shi tukunya nawa shike so."