Lambobin Tasi'u Mai Batir

Duk direban da ya taɓa tura mota a tashar Birnin Gwari ya san Tasi'u mai batir. Gajere ne, mai 'yar furfura a gemu, kuma ba shi da riga ko ɗaya da ruwan batir bai huda ba. Matarsa Hajjo ta gaji da faci, ta ware guda biyu ta ɓoye a ƙasan akwatinta, ɗaya ta Juma'a ɗaya ta biki, sauran kuwa ta ce ya je can ya ƙarata da su.

A Kuyello aka haife shi, gidan manoma, amma fartanya ba ta karɓe shi ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya biyo motar masara zuwa gari, ya zauna a hannun wani mai cajin batir ɗan Gbagyi, Andrawus. Sai da ya shekara shida yana kankare kawunan batir da ɗauko ruwa kafin a yarda ya riƙe mita. Daga baya ya kafa tasa rumfar. Ya ga zamanin da ake ɗauko batirin talabijin a bayan keke daga Tabanni da Kusasu, ya ga na motocin katako, da sola ta shigo ita ma ya koye ta. A shekara talatin da ɗoriya abu ɗaya yake taƙama da shi, kuma yana faɗa ko ba a tambaye shi ba: ba a taɓa dawo masa da batir ba. In ya ɗora mita ya ce wannan zai kai shekara biyu, to zai kai. In ya ce gawa ne, sai ka kai wa 'yan gwangwan.

Ana nan sai ga maganar Susan. Susan tana da shagon kwamfuta a bakin titi, inda ake buga takardu da cike fom. Wutar gari kuwa, kun dai san ta, tana zuwa ne lokacin da ta ga dama, ta tafi ba sallama. Don haka ta sayo akwatin ajiye wuta daga Kaduna, wanda ake kira UPS, mai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Sai dai 'yan batiran da ke cikinsa ƙanana ne, minti goma sun gama. Ta yi abin da kowa ke yi a nan: ta kira Tasi'u ya cire ƙananan, ya jona manya biyu irin na tirela. Ya yi aikin tsaf, ya ƙara wa akwatin 'yar fanka don kada ya yi zafi, har ya rataya mata ƙwan fitila ɗaya a jikinsa kyauta. Ya daki ƙirji ya ce awa biyar, ko fiye.

Washegari aka ɗauke wuta. Minti goma cif, wani jan rubutu ya fito a fuskar kwamfuta wai batir ya ƙare, ta mutu. Jibi ma haka, gata ma haka. Ga Susan da tulin takardun jarrabawar wata firamare da ta yi alkawarin bugawa.

Ita kuwa ba ta iya kwana-kwana ba. Ta je rumfarsa, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce:

"Kawu Tasi'u, ina ganin girmanka, amma batiranka ba su da rai. In ranar kasuwa ta zo ba su gyaru ba, zan loda su a baro in dawo maka da su."

Daga shagonta zuwa rumfarsa hanya ɗaya ce, kuma ta tsakiyar kasuwa ta bi. A baro! Ranar kasuwa! Tsautsayi kuma, Obed mai faci, maƙwabcinsa, yana zaune yana ji. Kafin la'asar duk tasha ta sani. Obed har da ɗauko tsintsiya wai zai share wurin da za a sauke baƙi. Tasi'u ya yi dariyar yaƙe, amma wallahi abin ya ci masa rai. A gida ko rabin tuwonsa bai ci ba.

Saura kwana uku. Da safe ya ɗauki mita ya tafi shagon. Ya gwada batiran, cike suke fal. Ya zuƙi ruwansu da bututun gwaji ya duba, lafiya lau. Ya ja kowace waya, babu mai motsi. Susan ta nuna masa jan rubutun ta ce kwamfuta ba ta ƙarya. Shi ba ya jin Turanci, kuma bai taɓa taɓa kwamfuta ba, yana kallonta ne kamar surukar da ba a saba da ita ba. Amma ya rantse mitarsa ma ba ta ƙarya. To, wa zai raba wannan gardama? Mai gyara daga Kaduna ba ya ratso dajin nan saboda akwati ɗaya.

Sai ya nemi benci ya zauna. Wannan ita ce ɗabi'arsa tun yana yaron shago: abin da ya gagare shi, zama yake ya zuba masa ido. Ranar farko wuta ba ta ma ɗauke ba, don ta ƙara ƙona masa rai. Masu shigowa buga takarda suna gaishe shi suna ƙunshe dariya. Rana ta biyu da hantsi aka ɗauke. Ya ajiye agogonsa a gwiwa, ya ƙura wa kwamfutar ido. Minti goma suka cika, jan rubutu ya fito, abubuwan da ke fuskarta suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ta yi wani ɗan kiɗa, sannan ta yi duhu.

Tasi'u ya ga mutuwar batir ta fi dubu. Batir in zai mutu, fitila takan yi ja, fanka ta yi sanyi, abu ya yanke ba shiri. Bai taɓa ganin wanda ya mutu da kiɗa ba. Ya ɗaga kai. Ƙwan fitilar da ya rataya yana nan yana haske tar, 'yar fankar tana ta juyawa abinta.

"Malama Susan," in ji shi, "wannan ba mutuwa ta yi ba. Kwanciya ta yi. Wani ne ya ce mata ta kwanta."

Ya durƙusa a bayan tebur yana bin wayoyi da yatsa. Duk ya san aikinsu, ban da wata siririya da ta fito daga bayan akwatin ta shiga kwamfuta, wadda ba ta ɗaukar wutar kirki. Ya tambaya. Susan ta ce ta nan akwatin ke ba kwamfuta labarin batir, kuma akwai wata ƙaramar manhaja da masu sana'ar ke kira direba, ita ce tafinta a tsakaninsu. Mutumin da ya sayar mata ne ya saka ta, ita ba ta sake waiwayarta ba. Tasi'u ya tambaya ko an gaya wa wannan tafinta cewa an sauya batir.  Sai Susan ta dafe kai ta fashe da dariya, har da hawaye.

Ashe manhajar tana nan da lissafin 'yan batiran da aka cire. Da ta ga an yi minti goma, sai ta ɗauka sun kusa ƙarewa, ta kashe kwamfuta a hankali don kada ta lalace. Aikinta take yi bil haƙƙi, labari ne bai isa gare ta ba.

Susan ta duba bayani a wayarta, ta gano fayil ɗin da ake rubuta wa manhajar girman batir. Nan kuma ta tsaya cik, don ana neman lambobin da ba ta sani ba: nawa batir ke nunawa in ya cika, a nawa ya kamata a tsaya, awa nawa zai ɗauki kaya kaza. Ta karanto masa da Hausa. Ai kuwa ta zo gidan sauƙi! Tasi'u ya gyara zama, ya ce in sun cika ashirin da biyar da rabi ne, kuma kada a kuskura a bar su su sauka ƙasa da ashirin da uku, in ana son su yi tsawon rai. Ya kawo sauran daga ka, ba ko inda-inda. Tana bugawa yana leƙe, yana cewa ta sake karanta masa.

Ranar kasuwa ba su jira a ɗauke wuta ba. Ƙarfe tara Susan ta zare filogi da hannunta, ta hau buga takardun jarrabawa. Tasi'u na kan benci, mita a cinya. Minti tara. Minti goma. Sha ɗaya. Kwamfuta ko gezau. Obed, da ya bar facinsa ya zo kallo, ya tsaya har rabin awa, sannan ya tuna wai ya bar taya a ruwa.

Tasi'u ya je ya yi azahar ya dawo, tana nan tana aiki. Sai ƙarfe uku saura, bayan an gama takardu an ɗaure, jan rubutun ya fito. Ya yi maza ya ɗora mita. Ashirin da uku daidai. Kwamfutar ta rufe kayanta ta kwanta a kan lambar da ya faɗa.

Susan ta mayar da filogi, ta kunna, ta sake buɗe fayil ɗin. Ta ce duk wanda zai taɓa wannan wuri nan gaba ya kamata ya san daga ina lambobin suka fito. Ta buga layi ɗaya a sama, da Hausa, ta karanta masa: "Waɗannan lambobin Malam Tasi'u mai batir ne. Kada a sauya sai an tambaye shi."

Ya matso da fuskarsa dab da gilashin. Bokonsa kaɗan ne, amma ya san sunansa in ya gan shi. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, bai kuma ɓoye ba.

"Shekara talatin da uku ina faɗar lambobin nan da baki," ya ce, "ba wanda ya taɓa rubutawa."

Ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ai ita ma gaskiyar abin da ta gani ta faɗa. Ya roƙe ta ta fitar masa da shafin a takarda, kwafi biyu. Ya karɓa da hannu biyu, ya bi ta tsakiyar kasuwa yana gaisawa da mutane, bai ko naɗe takardun ba.