Fulawar Mama Christina

Mama Christina 'yar ƙauyen Paikon Kore ce, kuma masu faɗa sun ce da fartanya aka yanke mata cibiya. A gona ta girma, a gona ta raini 'ya'ya biyar, ta binne miji ta koma gona. Sai da hawan jini ya kayar da ita tsakanin kunyoyin doya, sannan babban ɗanta Bartholomew, ma'aikacin gwamnati, ya kawo ta gidansa a wata unguwa mai get a Lokogoma, kusa da asibiti.

Gida kam masha Allah, tsakar gida duk siminti, ko kaza ta zo tono sai ta koma da ciwon farce. Aka ce Mama ta huta. Hutun ya fi ciwon cin ta. Ran nan ta ɗaure kayanta ta ce, "Bato, ko ka ba ni ƙasa, ko ka kai ni tasha."

Ɗa ya san in ta koma ƙauye ba mai tuna mata magani. Sai ga buhunan ƙasa da tukwanen shuka ginin garin Ushafa an jera a ƙofar gida. Kafin damina ta raba, kuɓewa ta miƙe, yakuwa ta yi ja, masara ta kere katanga. Matan unguwa da ko kallo ba ta ishe su ba, suka koyi "Mama, ina kwana", kowace da 'yar leda a jaka.

Sai ga ciyaman na unguwa, Alhaji Manniru, darakta mai ritaya, wanda ya bar ofis amma ofis bai bar shi ba.

"Mama, dokarmu ta ce ƙofar gida fulawa kawai ake shukawa. Wannan sai an cire."

Gabanta ya faɗi, don ta san buhunan nan suna tafiya, ita ma ta tafi. Amma bakinta bai faɗi ba.

"Oga ciyaman, ai fulawa ne. Duba kuɓewa, ga fure."

"To masarar fa?"

"Shi ma fulawa ne. Ba a kai shi injin niƙa ba tukuna."

Alhaji ya haɗiye dariya har ta sarƙe shi. Don ya ɓoye fuska sai ya sunkuya kan buhu, nan kuwa asiri ya tonu. Mutumin da ya gudo daga gonar ubansa tun yana saurayi, ya rantse shi da garma har abada, sai ga shi yana cewa, "Haba Mama, shuka huɗu a rami ɗaya? Ai sai an tsuge, in ba haka ba kara za ki girba."

"Gwiwa ne babu, Alhaji. Kai da ka sani, bisimilla."

Ya waiga gabas, ya waiga yamma, ya naɗe hannun babbar riga.

Dokar tana nan daram, ba wanda ya soke ta. Kayan Mama ne dai aka kwance. Yanzu kowace safiya ita da ciyaman suna musu kan taki, tana kiransa ɗan birni, yana kiranta mai taurin kai. A ƙofar gidansa kuma akwai buhu shida na fulawa, har ta fara goyo.