Mabuɗin Ajin Baƙi

Lokacin da Malam Isah ya rasu, Allah Ya jiƙansa, matarsa Hinde ta shiga takaba, ba ta leƙa ko zaure. Amma kullum da hantsi sai ta ji motsin tsintsiya a ƙofar gida, a hankali, kamar mai sharar yana tausayin ƙasa. Da ta tambaya, aka ce Abdulganiyyu ne, abokin marigayi. A zaman makoki ma shi ya tsaya bakin zaure yana jera takalman masu gaisuwa, ƙafa da ƙafa, sau-ciki gefe, silifa gefe, har aka watse babu wanda ya koma gida da takalmin wani. Bai taɓa yi mata zancen ba, ita kuma ba ta taɓa mantawa ba. Shi ya sa ko yau, in mata suka zauna suna dariyar labarinsa, Inna Hinde takan yi tata dariyar cikin mayafi, ta bi ta da istigfari.

Abdulganiyyu ɗan Tungar Almu ne, wani ƙauye da ke gefen hanya in ka baro Tambuwal ka nufi Kebbe. Ƙarfinsa duka a wani ofis ya ƙare shi a Tambuwal, yana masinja, kuma can ya yi karatun da ya fi na allo zama a kansa. Ya ga yadda ake goge teburin da baƙo zai gani, a tura karyayyun kujeru bayan labule. Ya ga yadda babba kan tambaya ko akwai matsala, ƙarami ya durƙusa ya ce babu, ko da ruwa na ɗiga a ƙeyarsa. Da ya yi ritaya ya dawo gida da agogon hannu da ya daɗe da tsayawa, da farar riga guda ta tarbar manya, da wani imani da ba ya girgiza: abin da baƙo bai gani ba, bai faru ba.

Da aka ce kowace firamare ta kafa kwamitin mutanen gari da zai riƙa sa ido a kanta, ba a yi gardama ba wajen ba shi shugabanci, domin shi ne ya san yadda ake magana da manya. Daga ranar sunansa ya koma Ciyaman. Aka ce kuma dole a sa mace a ciki. Maza suka duba suka zaɓi Inna Hinde, saboda gidanta na kallon makarantar, kuma saboda ba ta cika magana ba. Dalili na biyun ya fi nauyi.

Makarantar na da tsofaffin azuzuwa biyu, kwanon rufinsu ya yi tsatsa, bango ya tsage har ƙadangare na wucewa ba tare da ya sunkuya ba. Sai wata shekara wasu masu taimako suka gina aji guda sabo fil, da siminti a ƙasa, da tagogin ƙarfe, da bencina masu sheƙi a cikin leda. Ranar buɗewa aka yi addu'a, aka ɗauki hoto, baƙi suka shiga mota. Ƙurar motar ba ta kwanta ba Ciyaman ya ja ƙofa ya danna kwaɗo, ya zura mabuɗin a zare ya rataya a wuya.

Hedimasta, Malam Nasiruddeen, saurayi ne da ke zuwa kullum kan babur daga Tambuwal. Ya ce, "Baba Ciyaman, yaushe yara za su shiga?"

"Su shiga ina?"

"Aji. Don su anka gina shi."

Ciyaman ya dube shi kamar ya ce a zuba tuwo a hular sarki. "Malam, ka san ɗiyan garin ga kuwa? Ka ga hannuwansu? Sati guda za su mai da shi awa turken awaki. In baƙi sunka zaka, mi za mu nuna musu?"

Haka ajin ya samu suna, Ajin Baƙi. Yara suka ci gaba da zama kan buhunan taki a tsofaffin azuzuwa. Duk Juma'a da safe Ciyaman kan zo da tsintsiya da tsumma, ya cire takalmi a ƙofa, ya share, ya goge benci ɗaya bayan ɗaya ta saman leda, ya ɗan tsaya yana kallo, ya kulle. Inna Hinde na ganinsa daga inda take tsintar wake. Abin yakan tuna mata da jeren kwanukan amarya, waɗanda ake wankewa ba a taɓa cin komai a ciki ba. Bambancin kawai, amarya tana da wani kwanon cin tuwo.

Sai damina ta faɗi da ƙarfi. Iska ta yaye gefen rufin aji ɗaya, ɗayan kuma ya riƙa yoyo ta ko'ina. Da hadari ya haɗu sai ka ga yara na jan buhu daga wannan kusurwa zuwa waccan, malami na bin su da alli. Jikar Inna Hinde, Bashira, ta dawo rannan sharkaf, littafinta ya koma kamar kunu. Iyaye suka fara cewa in dai jiƙewa ce, gara yaro ya jiƙe a gona, ko ba komai za a ga amfanin.

Kwamiti ya zauna a gindin darbejiya. Wani dattijo ya ce a buɗe Ajin Baƙi kawai, Malam Nasiruddeen ya ce wallahi shi ma abin da ke ransa ke nan. Ciyaman ya bari suka gama, ya duba agogonsa da ba ya tafiya, sannan ya fito da labarin da ya ɓoye. Masu taimakon nan za su dawo bayan ƙaramin hutu, su duba makarantu biyu, tasu da ta Rugar Bube, su zaɓi guda su gina mata sababbin azuzuwa.

"Ku ba ku san manya ba," in ji shi. "Babba ba shi ba ƙazami kyauta. Wanda yar riƙe abu da kyau, shi aka ƙara ma. In sunka ga yadda munka adana wanga aji, sai sun gina muna bene. Ku yi haƙuri da ruwa, ba ya kashe yaro." Ya kama zaren wuyansa ya ɗaga. "In ba a ba mu ginin ga ba, ku tuɓe min mabuɗin ga da ciyamancin duka. Ku shaida."

Suka shaida. Inna Hinde ta motsa baki za ta ce ko a bar yara su fake a ciki ranar ruwa kaɗai, amma kafin maganar ta fito an shafa fatiha.

Shiri kuwa an yi shi. Ciyaman ya sa aka kewaye tsofaffin azuzuwan da zana sabuwa, doguwa, har ba a hango yayayyen rufin daga hanya. Ya bi yara yana dubawa kamar mai sayen rago, ya ware masu yunifom marar faci da takalmi ƙafa biyu. Sauran aka ce ranar su zauna gida, har da Bashira, domin rigarta ta koɗe. Waɗanda aka zaɓa ba su saba zaman benci ba, sai aka koya musu, amma ba a kan bencin ba. A kan wani guntun giginya aka yi atisayen, a ƙofar gidan Ciyaman, yana tsaye da tsumagiya yana cewa, "Hannu bisa gwiwa! Kada wanda yat taɓa katako!" Aka kama zabbi, aka aika Ruga sayen nono. Wakiliyar mata ma ta samu aikinta: suya.

Saboda haka ranar da baƙi suka zo, Inna Hinde na bayan makaranta gaban murhu, hayaƙi na shiga idonta, amma kunnenta na jikin taga. Shugabar baƙin wata mata ce mai gilashi, Hajiya Safiyyatu. Da aka buɗe ajin, an cire ledar tun da safe, bencina na ƙyalli, yara sun ƙame a kai kamar an dasa su.

"Masha Allah," in ji Hajiya. "Kamar jiya muka gina shi. Ko ɗigon biro babu!"

"Tarbiyya ce, ranki shi daɗe," in ji Ciyaman.

"Yaran ke nan duka?"

"Su na, Hajiya. Kowa da wurin zamanai."

"Can bayan zana fa?"

"Ɗakin ajiya na, tarkace."

Hajiya ta gyara gilashi ta ce, "To Ciyaman, ku faɗa mini tsakani da Allah, wace matsala ce ta fi damun ku?"

Inna Hinde ta tsai da matsami. Ta ji Malam Nasiruddeen ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, a gaskiya rufin..." sai maganar ta yanke da ɗan ƙara, irin na wanda aka taka wa ɗan yatsa. Muryar Ciyaman ta hau kai, sumul kamar man shanu.

"Rufin asiri muka ciki, ranki shi daɗe. Ba mu da matsala ko guda. Alhamdu lillahi."

Baƙi suka ci zabbi, suka sha fura, suka yaba, suka wuce Rugar Bube. Shi kuwa Bube, shugaban kwamitin can, ya ma manta ranar ce, yana wajen shanu. Baƙi suka tarar da awaki kwance a aji, rufi babu, yara na gindin tsamiya kan duwatsu, malami ya jingina allo da kututture. Da aka kira Bube aka tambaye shi matsala, sai da direba ya yi ta danna hon kafin ya kai ƙarshen lissafi.

Ba a jima ba manyan motoci suka fara wucewa ta gaban Tungar Almu da yashi da siminti, suna yi wa zanar Ciyaman feshin taɓo, suka nufi Ruga. Tungar Almu ma ba a manta da ita ba. An aiko mata da takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, wadda ta ce makaranta ce abar koyi wajen kula da kaya. Ciyaman ya kai ta Tambuwal aka sa mata gilashi, ya rataye a Ajin Baƙi, ya kulle.

Ran kasuwa suka haɗu da Bube wajen masu goro, a gaban jama'a.

"A'a, Ciyaman mai bene!" in ji Bube, ya jingina da sandarsa. "An ce ka soya musu zabbi. Wallahi sun iso muna a ƙoshe, ko ruwa ba su sha ba. Mun gode da ɗawainiya."

"Kai ko kunya ba ka ji ba, Bube? Baƙi su iske awaki cikin aji?"

"Na ji kunya ƙwarai. Yanzu haka cikin sabon gini nika jin ta. In ruwa ya dame ku, ku turo yaran, akwai wuri a baranda."

Kwamiti ya sake zama a gindin darbejiya. Ba wanda ya ɗaga murya, dattijon nan dai ya ce akwai maganar da aka shaida. Ciyaman ya yi bayani mai tsawo cewa baƙin ne ba su san aiki ba, a zamaninsa ba haka ake yi ba, kuma takardar yabo ba kowa ake ba ba. Aka saurare shi har ya gama, ba wanda ya tashi. Can ya kai hannu wuya. Zaren ya daɗe a wurin har ya yi baƙi, ya kuma ƙi wucewa ta kan hula, sai da ya tuɓe hular a gaban mutane. Inna Hinde ta kau da ido. Malam Nasiruddeen ya karɓi mabuɗin da hannu biyu.

Washegari yara suka shiga, dukansu, har da masu faci, suka cushe kamar goro a huhu, wasu a benci wasu a ƙasa. Kafin azahar an zana saniya a bango. Tsofaffin azuzuwan suna nan yadda suke, ana jiran wasu baƙin, kuma kwamiti ya riga ya yanke cewa wannan karon Bube za a ɗauko ya yi magana.

Abdulganiyyu bai sake taka harabar makarantar ba. Ran Juma'a yakan fito da safe kamar yadda ya saba, ya tsaya nesa a bakin hanya, hannu a baya, ya juya. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, gari duk caɓi, ya yi sallama a zauren Inna Hinde. Ta fito ta tsaya daga ciki suka gaisa, ya tambayi Bashira, ta ce tana aji, yau littafinta a bushe. Ya ce madalla. Idonsa na kan ƙofar ajin, inda sawun taɓo ya shiga ya fito, ya sake shiga.

"Inna Hinde," in ji shi, murya ƙasa, "ke kina cikin kwamiti har yanzu, kuma gidanki na kallon wurin. Alfarma guda nika roƙo, don zumuncin da ke tsakanina da marigayi. In kin ga za su shiga, ki ce su tuɓe takalma su jera a ƙofa. Waɗanda ba su da takalma kuma, don Allah, su wanke ƙafa."