Maud da Ƙararrawar da Ta Yi Kisa

Kullum da safe Maud Thirkettle za ta buɗe ɗan gidan tarihin ƙauyen Wendham, ta ɗora shayi, ta goge fasasshiyar ƙararrawar da ke bakin ƙofa. A makon nan za ta ajiye aiki, amma wa zai manta da ranar da ta hargitsa taron majalisar ƙauye?

Majalisa ce ta yanke shawarar sayar da ƙararrawar ga Desmond Oakes, mai mashaya a birni. Har motar ɗauka ta iso. Sai ga Maud ta faɗo zauren da tsumman goge-goge a hannu.

"Clive, ka san abin da kake sayarwa kuwa?"

"Tsohon ƙarfe, Anti Maud," in ji Clive, shugaban majalisar, yana dariya.

"Tsohon ƙarfe a gidanku! *Deodand* ce!"

Kafin a ce mene ne, ta ɓarke da bayani. Kalmar daga Latin take, ma'anarta abin da za a ba Allah. A dokar da, duk abin da ya kashe mutum, ko keken doki ko dutsen niƙa, sai a ƙwace shi a miƙa wa sarki don a yi sadaka. Wannan ƙararrawa kuwa ta tsinko ta kashe mai kaɗa ta.

"Ai an soke dokar tun zamanin da jirgin ƙasa ya zo," in ji Clive.

"An soke. Mamacin ma an soke shi?"

Desmond ya yi tsalle. "Ta yi kisa? Yanzu na ƙara son ta! Zan rataye ta, mashaya su ɗau hoto!"



"Sunan mamacin Josiah Rudderham," in ji Maud.

Clive Rudderham ya miƙe, fuska jawur. "Kakan kakana za ka mayar abin hoto? Fitar min da motarka!"

Tafi ya kaure!

Maud, ke ce mai raya matacciyar kalma. Ke ce kika hana mu sayar da namu da hannunmu. Mun gode. Masu tasowa, ku riƙe na garinku kamar yadda ta riƙe, domin gobe da safe ƙararrawar nan tana jiran mai goge ta.