Sabar Tsiga da Na Tsallake

Cikin duk abin da ya faru da ni a watannin koyon aiki, ranar sabunta kwamfutoci ce ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ina ɗaliba a lokacin, an tura ni ofishin wata ƙungiyar manoman masara a Funtua. Ƙungiyar tana da rassa a Dayi da Danja da Tsiga, kowanne da sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da sunayen manoman da za a ba iri.

Ni ba mai magana ba ce, sai dai rubutu. Duk reshen da muka je, sai na rubuta sigar kowace manhaja a ɗan littafina. A nan na ga manhajar Tsiga tsohuwa ce, ta Dayi da ta Danja sababbi.

Da damina ta kawo jiki, ogana, wani injiniya ɗan kudu haifaffen Funtua, ya ba ni jerin umarnin da zai gyara saitin sabobin uku a tashi ɗaya, ya ce in duba. Na san sabon saitin ba zai zauna da tsohuwar manhaja ba, amma kunya ta hana ni faɗa. Sai na ƙara sharaɗi a ciki: kafin kowane gyara, a tambayi saba sigar da ke kanta, in tsohuwa ce a wuce ta.

Washegari da hantsi ya saki umarnin. Dayi ta karɓa, Danja ta karɓa, Tsiga aka tsallake.

Oga ya duba umarnin, ya ga sharaɗin da na ƙara, ya ce, "Malama mai littafi, me kika yi mini? Ko 'yan Tsiga sun ɓata miki rai ne?"

Na ce, "Oga, tasu tsohuwa ce." Na miƙa masa shafin.

Ya jawo wata kwamfuta daga ƙarƙashin tebur mai irin sigar Tsiga, ya cire sharaɗina, ya gwada a kanta. Manhajar ta mutu, ta ƙi tashi. A daidai lokacin manoma na kan layi a Tsiga, ana kiran sunayensu ana ba su iri.

Ya juyo daga allon ya ce, "Kin kyauta. Amma da na ga layin nan da kika ƙara jiya ban gane shi ba, na goge fa?"

Tambayar nan ta fi yabon zama mini a rai. Tun ranar ba na ba na'ura umarni sai na tambaye ta abin da ke kanta, kuma in na ga matsala, da bakina nake faɗa kafin in rubuta.