Fushin Ɗantala Mai Yasa

A wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, in ka ce Ɗantala kawai sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Ɗantala mai yasa, ko baƙo zai nuna maka gidan. Gajere ne, ƙaƙƙarfa, ga baki. Aikinsa shiga rijiya ya kwashe yashi da laka da tsofaffin gugan da suka tsinke, har idon ruwa ya buɗe. A yankin kuwa ruwa na can ƙasa da nisa, sai an ɗaura igiya a jikin takarkari ya yi tafiya kafin guga ya leƙo. Duk bazara gari kan yi gayyar yasar rijiyarsu. A fara zura fitila don gwada iskar ciki, in ba ta mutu ba a ɗaura wa Ɗantala igiya a ƙugu, maza su riƙe, mata su dama fura. Ranar nan ba wanda ya kai shi daraja a garin, kuma wallahi ya san da haka.

Sai aka kawo burtsatse mai sola, da tanki a sama da kawunan famfo a jere. Ba laifin kowa, wa zai ƙi ruwan da ba ya cin tafin hannu? Amma bazara ta zo ta wuce ba wanda ya yi maganar gayya. A majalisa ma wani ya ce masa, cikin wasa, ya kawo igiyarsa a ɗaure tumaki. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma maganar ta tsaya masa a rai.

Mutum ɗaya ne ya neme shi: Bilal, Bafulatanin da rugarsa ke bayan gari. Shanunsa rijiyar suke sha, don ba a yarda a kai garke famfo.

"Ɗantala, guga ya fara zuwa da yashi," in ji Bilal. "Ni da 'yan'uwana za mu riƙe maka igiya."

"Yasa aikin gari ne," in ji Ɗantala. "Ranar da gari ya tuna da ni, sai in shiga."

Bilal ya sake dawowa, har da ƙwaryar nono. Gogan naka ya shanye nonon, ya ƙi shiga. Ba ƙin Bilal yake ba. So yake mai unguwa ya tako da ƙafarsa, a roƙe shi a gaban waɗanda suka yi dariya. Matarsa Ummukulthum ta ce, "Malam, da rijiya kake fushi ko da mutane?" Ya ce ta ji da tukunyarta. Abin takaicin, ya fi kowa sanin halin rijiya: in aka bar ta ba yasa, yashi kan danne idon, gini ya zame, ruwa ya nemi wata hanya. Haka kuwa aka yi. Da ta ƙafe, Bilal ya kaɗa shanunsa ya yi wajen Maigatari, yara suka mai da rijiyar wurin jefa duwatsu.

Bayan wasu shekaru injin burtsatse ya ƙone ana tsakiyar zafi, mai gyara ya ce sai an nemo kaya daga Kano. Mata suka koma zuwa wani ƙauye ɗibar ruwa, su fita da asuba su dawo rana ta take. Sai ga mai unguwa da dattawa a zauren Ɗantala suna roƙo, daidai yadda ya daɗe yana so. Ko kusa bai ji daɗi ba, kunya ma ya ji.

Ya shiga, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa. Yana haƙa ana jan yashi, tun hantsi har la'asar. Ya kai inda ya san idon yake, ya tura hannu iya tsawonsa. Yashin ko sanyi babu. Ya zauna can ƙasa inda ba mai ganinsa ya yi kuka ya ƙoshi, sannan ya girgiza igiya.

Da aka jawo shi ya tarar mata sun riga sun jera jarkoki tun daga bakin rijiya har gindin tsamiya, don ba a taɓa jin ya shiga ya fito ba ruwa ba. Jarkar farko a layin ya gane ta, shi ya taɓa liƙe ɓular da ke ƙasanta da hannunsa. Ta Ummukulthum ce.